Abin da ya durƙusar da kamfanin kokawa na WCW

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in faɗi ra'ayina a kan yadda kamfanin kokawar zamani na Amurka, World Championship Wrestling, wanda aka fi sani da WCW, ya durƙushe har aka sayar da shi a watan Maris na 2001. Duk inda masu sha'awar reslin suka haɗu aka taso da wannan zance, mutum biyu ake ɗora wa laifi. Wasu su ce Vince Russo ne, marubucin da aka ɗauko a ƙarshen 1999 ya cika shirin da shirme, wasu kuma su ce Jamie Kellner ne, jami'in da ya cire shirye-shiryen kamfanin daga talabijin. Ba na wanke ko ɗaya daga cikinsu, amma a ganina dukansu sun tarar da ɓarnar ta riga ta yi nisa, kuma an yi ta ne a lokacin da kuɗi ke shigowa fiye da kowane lokaci, wato tsakanin Disambar 1997 da Janairun 1999.

Ga wanda bai bi tarihin ba, attajirin nan mai gidajen talabijin, Ted Turner, shi ne ya sayi kamfanin Jim Crockett Promotions a 1988, ya mayar da shi WCW, da hedikwatarsa a birnin Atlanta. An yi shekaru ana asara har Eric Bischoff ya karɓi ragama, ya ɗauko Hulk Hogan a 1994, sannan a ranar 4 ga Satumba 1995 ya buɗe shirin Monday Nitro a tashar TNT, a dare ɗaya da shirin Raw na kamfanin WWF, mallakar Vince McMahon a lokacin, kamfanin da a yau ake kira WWE. A 1996 Scott Hall da Kevin Nash suka baro WWF, aka nuna su a matsayin mahara da suka zo cin WCW da yaƙi, kuma a ranar 7 ga Yuli na shekarar Hogan, wanda ya daɗe yana fitowa a matsayin gwarzon yara, ya juya ya bi su, aka kafa ƙungiyar New World Order, wato nWo. A wannan zamani ne Nitro ya yi makonni 83 a jere yana doke Raw a yawan masu kallo.

Akwai abin da ya kamata a riƙe game da wannan sana'a kafin a auna kurakuran da suka biyo baya. Kowa ya san cewa tun kafin a hau dandali an riga an yanke wanda zai yi nasara, kuma masu kallon ma ba a ɓoye musu ba. Abin da kamfani ke sayarwa shi ne labari, tare da alkawarin cewa labarin zai kai ga ƙarshensa, azzalumi zai sha ƙasa wata rana, kuma kambun duniya yana da darajar da ta isa a sha wuya a kansa. Kuɗin kuwa a wancan zamani yana fitowa ne daga tikiti, da riguna da sauran kayan talla, da kuma babban wasan wata-wata wanda sai mutum ya biya kafin ya kalla a gidansa. Aikin shirin mako-mako na kyauta shi ne ya sa mai kallo ya ƙagu har ya zaro kuɗi ya biya. Mai kallon da aka saɓa wa alkawari sau ɗaya yana iya haƙuri, amma idan ya lura abin ya zama ɗabi'a, ba ya kai ƙara wurin kowa, tasha kawai yake canzawa.

Saɓa alkawari na farko, kuma mafi girma a wurina, ya faru ne a wasan Starrcade na ranar 28 ga Disamba 1997 a birnin Washington. Fiye da shekara guda aka yi ana gina labarin Sting, tauraron WCW wanda ya daina magana, ya daina kokawa, ya shafa fari da baƙi a fuskarsa, yana zaune a can saman rufin zaure yana kallon ɓarnar da nWo ke yi, wani lokaci ya sauko da igiya riƙe da kulki. Ban san wani labari da WCW ya taɓa ginawa da haƙuri irin wannan ba, kuma jama'a sun saka masa, domin babu wani wasan biya a tarihin kamfanin da aka saya kamar wannan. Abin da kowa ya biya ya gani guda ɗaya ne, Sting ya kayar da Hogan a fili babu gardama. Abin da aka gani kuwa shi ne Hogan ya danne Sting, alƙalin wasa Nick Patrick ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. An shirya cewa ƙirgar za ta zama ta gaggawa, ta maguɗi, domin a sami dalilin soke ta, amma a idon duk wanda ya kalla ƙirga ce daidai wa daida. Sai Bret Hart, wanda ya baro WWF makonni kaɗan kafin nan, ya fito yana cewa an yi rashin adalci, ya sa aka ci gaba da wasa, Sting ya yi nasarar da kowa ya ga an riga an zubar mata da mutunci. Har yau waɗanda abin ya shafa suna ba da labarai mabambanta kan dalilin da ya sa ƙirgar ta fito haka, kuma ba aikina ba ne in raba musu gardama. Abin da ba a musu a kansa shi ne abin da ya biyo baya: an ƙwace kambun a Janairu, Sting ya sake cinsa a Fabrairu, Randy Savage ya karɓe shi a ranar 19 ga Afrilu 1998, washegari kuma ya koma hannun Hogan. Wata huɗu bayan daren da aka ce mulkin nWo ya ƙare, komai ya koma inda yake.

Dole a tambayi me ya sa kamfani zai yi wa kansa haka. Amsar tana cikin kwantiragin da Bischoff ya jawo manyan 'yan wasa da ita. Ya ba su albashi mai tsoka wanda ba ya raguwa ko zaure ya cika ko bai cika ba, ga kwanakin aiki kaɗan, Hogan kuma har da sharaɗin cewa sai da yardarsa za a zartar da duk abin da ya shafi labarinsa. A WWF na lokacin, rabon ɗan wasa yana da alaƙa da cinikin da aka yi, saboda haka tsohon tauraro yana da dalilin ɗaga sabon jini idan sabon zai kawo 'yan kallo. A WCW babu wannan dalili. Wanda ke sama ba ya ƙaruwa da komai idan ya yarda aka kayar da shi, kuma ba ya asarar komai idan ya ƙi. Ba na zargin waɗannan mutane da mugunta, domin kowa aka ba shi irin wannan takarda zai sa hannu. Laifin na wanda ya rubuta ta ne.

Shekarar 1998 ta zo da riba mai yawa, ita ce kuma ta rufe wa shugabannin ido. A Janairu aka buɗe shiri na biyu mai suna Thunder a tashar TBS, aka kuma mayar da Nitro awa uku, aikin ya ninka ba tare da an sami ƙarin labarin da za a cika lokacin da shi ba. Ƙungiyar nWo, wadda kwarjininta ya samo asali daga kasancewarta ta mutum uku, ta kumbura har ta cika da 'yan rakiya, sannan ta rabu gida biyu, masu baƙi da fari da masu ja da baƙi, kowane ɓangare yana sayar da rigarsa. Babban wasa a ƙarshen shiri ya koma abin da kowa ya san yadda zai ƙare, wato gungun mutane su ruga cikin dandali, alƙali ya kaɗa ƙararrawa, a tashi babu wanda ya ci. A daidai wannan lokaci WWF ya sami labarin Steve Austin da maigidansa McMahon, kuma a ranar 13 ga Afrilu 1998 Raw ya doke Nitro karo na farko cikin kusan shekara biyu. Abin dariya a nan shi ne Austin tsohon ma'aikacin WCW ne, Bischoff ne ya sallame shi a 1995.

Duk da haka WCW yana da wani abu a hannu wanda ya isa ya cece shi, wato Bill Goldberg, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da aka horar a makarantar kamfanin ta Power Plant. Shi kaɗai ne babban tauraron da WCW ya ƙera da kansa a wannan zamani, yana fitowa ya gama da abokin karawa cikin 'yan mintoci, jama'a suna rera sunansa. A ranar 6 ga Yuli 1998, a gaban mutane sama da 40,000 a filin Georgia Dome, ya kayar da Hogan ya ɗauki kambun. Dare ne mai daɗi, kuma Nitro ya ci ƙididdigar masu kallo a ranar. Amma kwanaki kaɗan kafin wasan aka sanar da shi, kuma kyauta aka nuna shi, alhali karawa ce da za a iya gina ta wata uku a sayar da ita a kan miliyoyin daloli. An zubar da ita ne domin a ci Raw a dare ɗaya. Wannan shi ne halin da ya kama kamfanin, alƙaluman safiyar Talata sun fi ƙarfin lissafin ƙarshen shekara. Bayan nan ma Goldberg yana riƙe da kambu amma Hogan ne ke rufe manyan wasanni, sau ɗaya da 'yan ƙwallon kwando Dennis Rodman da Karl Malone, sau ɗaya kuma da mai barkwancin talabijin Jay Leno. A wasan Halloween Havoc na Oktoba, an ɓata lokaci har wasan ya zarce sa'o'in da aka tanada, aka yanke hoto a gidaje da yawa kafin a ga karawar Goldberg da Diamond Dallas Page, wadda mutane suka biya dominta. Sai aka nuna ta kyauta washegari, 26 ga Oktoba 1998, kuma wannan ne daren ƙarshe da Nitro ya doke Raw.

A Starrcade na 27 ga Disamba 1998 aka kawo ƙarshen jerin nasarorin Goldberg, wanda kamfanin ke cewa ya kai 173 babu faɗuwa. Kevin Nash ne ya kayar da shi bayan Scott Hall ya ɗosa masa sandar lantarki. Za a iya kare wannan hukunci a ce babu nasarar da ba ta ƙarewa, kuma gwarzo mai neman ramuwa ya fi gwarzo mai riƙe da kambu jan hankali. Da an bi ta haka, da ban kawo zancen ba. Kwana takwas bayan haka, a ranar 4 ga Janairu 1999, aka koma Georgia Dome da ke Atlanta, garin Goldberg, aka tallata cewa zai sake karawa da Nash. Ana cikin shiri sai labari ya nuna 'yan sanda sun tafi da shi, aka maye gurbinsa da Hogan, wanda makonni kafin nan ya ce ya yi ritaya zai nemi shugabancin Amurka. Da aka kaɗa ƙararrawa, Hogan ya taɓa ƙirjin Nash da ɗan yatsa, Nash ya faɗi warwas, aka ƙirga uku, ɓangarorin nWo biyu suka rungume juna suna dariya. A labari, dariyar ta mugaye ce da suka yaudari abokin gaba. A zahiri kuwa, waɗanda suka sayi tikiti ne aka yi wa ita.

A wannan daren ne kuma, bisa umarnin Bischoff, mai sharhi Tony Schiavone ya sanar da masu kallo cewa kada su wahalar da kansu zuwa ɗaya tashar, domin Raw ɗauka ce ta kwanakin baya, kuma Mick Foley ne zai ci kambun WWF, ya bi da gatse a kan cewa wannan ai zai cika kujeru. Dubban ɗaruruwan mutane suka juya tasha a take domin su ga Foley, wanda shi ma tsohon ɗan WCW ne, kuma mutum ne da jama'a ke ƙauna saboda wahalar da ya sha a sana'ar. A dare ɗaya mai kallo ya ga kamfani ɗaya yana saka wa mai haƙuri, ɗayan kuma yana wasa da kambunsa. Gaskiya ne cinikin bai faɗi washegari ba, har an yi 'yan watanni ana samun kuɗi, wannan ma ya sa wasu ke cewa an zuzuta daren fiye da kima. Ni ban ɗauke shi a matsayin sanadi shi kaɗai ba. Na ɗauke shi a matsayin karo na uku cikin wata goma sha uku da kambun ya kewaya ya koma ga mutum ɗaya, ko kuma aka nuna cewa ko yana hannun wani, Hogan ne mai gidan.

Wani ɓangaren da ba a cika ba shi muhimmancin da ya dace ba shi ne na matasan da ke ƙasa. WCW ya tara gwanayen kokawa daga Meziko da Japan da Kanada, su ne ke buɗe shiri da wasa mai sauri wanda Amurkawa da yawa ba su taɓa gani ba, su ne kuma ke riƙe mai kallo har manyan su fito. Amma an yi musu iyaka, ba mai haye ta komai ƙwazonsa. Rey Mysterio, wanda abin rufe fuskarsa shi ne alamarsa kuma abin da yara za su saya, an sa shi ya cire shi a Fabrairun 1999. Paul Wight ya tafi WWF a wannan wata ya zama Big Show. Chris Jericho ya bi shi a Agusta. A Janairun 2000 Chris Benoit, Eddie Guerrero, Dean Malenko da Perry Saturn suka nemi a sallame su, aka sallame su, duk da cewa an ba Benoit kambun duniya a ranar 16 ga watan domin a rarrashe shi, ya ajiye shi washegari. Daga baya Jericho, Guerrero, Benoit da Mysterio duk sun riƙe kambun duniya a wurin McMahon. Ko Ric Flair, wanda magoya bayan kamfanin na asali a kudancin Amurka ke ɗauka a matsayin uban gida, an kai shi kotu a 1998 saboda bai halarci wani shiri ba, ya yi watanni ba a gan shi ba.

Da alƙaluma suka fara zamewa a 1999, maganin da aka nema shi ne ƙarin kashe kuɗi. An ɗauko mawaƙin rap Master P da yaransa, an biya ƙungiyar mawaƙa ta KISS ta yi wasa a Nitro, masu kallo suka watse a lokacin. A ranar 10 ga Satumba 1999 aka tura Bischoff gida.

A nan ne Russo ya shigo, a Oktoba, tare da abokin aikinsa Ed Ferrara. A WWF yana kawo shawarwari ne McMahon ya tace, ya ɗauki mai kyau ya watsar da sauran. A Atlanta babu mai tacewa. Aƙidarsa ita ce jama'a ba kokawa suke so ba, mamaki suke so, don haka wasanni suka gajarce, kowa yana cin amanar kowa a kowane mako, har cin amanar ta daina ba kowa mamaki. Mafi muni shi ne yadda ya riƙa sa 'yan wasa da masu sharhi su yi maganar rubutun shirin a bainar jama'a. A wasan New Blood Rising na Agustan 2000, an nuna Goldberg ya fice daga dandali wai ya ƙi bin abin da aka rubuta, masu sharhi suna tambayar yadda za a ƙarasa wasan. Idan wannan ne kaɗai na gaske, me mai kallo zai ɗauki sauran wasannin daren? A wannan wasa ne kuma aka ɗora mahaifiyar Buff Bagwell a kan motar ɗaga kaya aka yi kokawa a kanta. Tsakanin haka an cire Russo a Janairu, an dawo da shi tare da Bischoff a Afrilu, kuma a ranar 10 ga Afrilu 2000 suka ƙwace dukkan kambuna suka ce a fara daga farko, wanda ke nufin duk abin da mutum ya biya ya kalla kafin ranar ya tashi a banza. Rashin sa'a ma ta ba da nata gudummawar, domin Bret Hart ya sami rauni a ƙwaƙwalwa daga shurin Goldberg a Starrcade na 1999, raunin da ya kawo ƙarshen sana'arsa, Goldberg kuma ya yanke hannunsa a gilashin mota kwanaki kaɗan bayan haka, ya yi watanni yana jinya.

A ƙarshen Afrilun 2000 aka ba ɗan fim David Arquette kambun duniya domin tallata wani fim da kamfanin ke da hannu a ciki. Wannan shi ne abin da aka fi tunawa, kuma ina ganin an fi zaluntar Arquette a cikin labarin, tunda an ruwaito cewa shi kansa bai so ba, kuma kuɗin da ya samu ya bayar ga iyalan 'yan kokawar da suka rasu. A Satumba Russo ya rubuta wa kansa nasara ya ɗauki kambun. A cikin wannan shekara kaɗai kambun ya sauya hannu kusan sau ashirin. A ranar 9 ga Yuli, a wasan Bash at the Beach, Jeff Jarrett ya kwanta wa Hogan da gangan, sannan Russo ya fito ya zazzage wa Hogan zagi a gaban jama'a, Hogan bai sake komawa WCW ba, ya kuma shigar da ƙara. Duk wannan shirme ne, ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne kambun da aka riga aka miƙa da ɗan yatsa a Janairun 1999 ba shi da sauran darajar da Arquette zai zubar. Alheri ɗaya da ya fito daga wannan dare na Yuli shi ne an ba Booker T kambun, bayan shekaru yana jira, sai dai an ba shi ne a lokacin da zauruka suka riga suka fara zama fayau. Kamfanin ya rufe shekarar 2000 da asarar da ta haura dala miliyan 60.

Saura batun Kellner da masu kamfanin. WCW bai taɓa zama kamfani mai cin gashin kansa ba, sashe ne a cikin daular talabijin, kuma babu wani a cikinsa da kuɗin aljihunsa ke ciki. McMahon idan ya yi asara gidansa ne ya yi, shi ya sa yake iya cewa a'a ga kowane tauraro. A Atlanta garkuwar kamfanin mutum ɗaya ce, Ted Turner, wanda bai manta ba cewa kokawa na cikin abubuwan da suka ɗaga tasharsa tun shekarun 1970. Amma kamfaninsa Turner Broadcasting ya haɗe da kamfanin Time Warner a 1996, sannan a Janairun 2000 aka sanar da haɗewa da kamfanin intanet na AOL, wadda ta kammala a Janairun 2001, kuma kowane mataki yana rage ikon Turner. Sababbin shugabannin ba su da wata ƙauna ga kokawa, suna ganin ba ta dace da irin masu kallo da masu tallan da suke nema ba. A Janairun 2001 aka sanar cewa Bischoff tare da kamfanin Fusient Media Ventures za su sayi WCW, bisa fahimtar cewa shirye-shiryen za su ci gaba da fita a TNT da TBS. A Maris Kellner, wanda bai daɗe da hawa kujerar shugabancin Turner Broadcasting ba, ya soke Nitro da Thunder, kuma da yake kamfanin kokawa marar tasha ba shi da abin sayarwa, Fusient ya janye.

Masu kare WCW suna cewa ko a ƙarshen nan Nitro yana cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a TNT, don haka ƙiyayya ce kawai ta kashe shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma a watannin ƙarshe shirin ya ɗan gyaru, an rage hauka, Scott Steiner yana riƙe da kambu, matasa suna samun fili. Amma a duba da idon mai lissafi. Sabon shugaba da ya tarar da sashe mai kawo riba, ko ba ya son sa, zai yi wuya ya iya rufe shi ba tare da masu hannun jari sun tambaye shi dalili ba. Wanda ya tarar da sashen da ya cinye sama da dala miliyan 60 a shekara guda, ga ƙararraki a kotu, ga albashin da ba a iya ragewa, ba ya buƙatar dogon bayani. Da Kellner ya zo a 1997 da wannan ra'ayi nasa, ina da yaƙinin ba zai iya ba.

A ranar 23 ga Maris 2001 WWF ya sanar da sayen WCW. Rahotanni sun nuna cewa an biya kimanin dala miliyan 2.5 a kan suna da alamun kamfanin, jimillar kuma ta kai wajen miliyan 4 da 'yan kai idan aka haɗa da rumbun faifan wasanni na shekaru aru-aru. Nitro na ƙarshe ya fita a ranar 26 ga Maris daga Panama City Beach a jihar Florida, McMahon ne ya buɗe shi da fuskarsa, Booker T ya karɓi kambun daga Steiner, Sting da Flair kuma suka yi wasan rufewa kamar yadda suka kara a Nitro na farko a 1995. WWF ya ɗauki kwantiragin 'yan wasa ashirin da 'yan kai, galibinsu matasa masu ƙaramin albashi. Manyan kuwa, irin su Goldberg, Nash da Sting, kwantiraginsu da uwar kamfanin take, McMahon bai ɗauke ta ba, saboda haka suka zauna a gida AOL Time Warner yana biyan su cikakken albashi, yayin da ma'aikatan ofis da masu ɗaukar hoto da sauran 'yan wasa suka shiga neman aiki a sana'ar da a Amurka ta koma hannun babban kamfani guda.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu kuma mai bibiyar kokawar zamani